Kayan Iyo da Tawul: Yaushe Ɗauraya Ta Isa, Yaushe Sai an Sa Sabulu

Wata Laraba a cikin watan Afrilu, rana ta ƙwalle kamar za ta fasa kai, na buɗe but ɗin mota a bakin Kasuwar Sheikh Gumi don a saka mini buhun shinkafa. Warin da ya taso sai da yaron da ya ɗauko buhun ya ja da baya, ya toshe hanci ya ce, "Hajiya, ko ɓera ne ya mutu a ciki?" Ba ɓera ba ne. Jakar iyon yarana ce, tun ranar Asabar take kwance a wurin. Ni na ɗauka babban ɗana ya shigar da ita gida, shi kuma ya ɗauka ni na shigar. Tawul uku ne a ciki, da gajerun wandunan mazan biyu, da rigar autata, da tawa doguwa mai haɗe da hula, duk a cakuɗe cikin baƙar leda ɗaya da aka ƙulle bakinta tamau. Tawul ɗin duk sun yi ɗigo-ɗigon fumfuna. Da kyar na ceto biyu da tafasasshen ruwa. Rigata kuwa, wadda sai da na yi wata biyu ina tara kuɗinta, daga ranar ba ta sake komawa daidai ba: robarta ta saki, gwiwa ta yi buhu, in na shiga ruwa sai ta cika ta riƙa jana ƙasa.

Shekara huɗu ke nan ina kai yara koyon iyo duk Asabar a nan Kaduna, ni ma ina shiga a lokacin da aka ware wa mata. A bencin da iyaye ke zama, maganar wanki ba ta ƙarewa. Wata ta ce ai ruwan akwai magani a ciki, kayan a wanke suke fitowa, ita shanyawa kawai take yi. Wata ta ce ita injin wanki take zuba komai, ta sa omo da Hypo ta huta. Duk biyun na taɓa yi, duk biyun kuma sun ci mini kuɗi.

Ga inda na tsaya. Kayan iyo, duk ranar da aka shiga ruwa da su sai an ɗauraye su da ruwa mai tsabta a ranar, ba gobe ba. In sau ɗaya ko biyu ake zuwa a mako, a haɗa da sabulu mai sauƙi kowane zuwa. In kullum ake shiga, ɗauraya kullum, sabulu duk bayan shiga uku. Tawul ɗin da ya je wurin iyo kuwa, zuwa ɗaya wanki ɗaya. Amma in za ki riƙe abu guda kawai daga duk bayanina, ki riƙe wannan: awa nawa kayan suka yi a jiƙe cikin leda ya fi sau nawa aka wanke su muhimmanci. Kayan da aka fito da su cikin awa biyu aka ɗauraye da ruwa zalla sun fi waɗanda suka kwana a jaka aka wanke su da sabulu mai tsada.

Ruwan "mai magani" ba wanki ba ne

Maganin da ake zubawa a wurin iyo kulorin ne, dangin abin da ke cikin Hypo, sai dai kaɗan ake sawa, kamar miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan. Da zarar kin fito, wanda ya maƙale a jikin yadi ba ya tsayawa, ci gaba yake da cin abin da ya samu, kuma abin da ya fi samu shi ne robar da ke sa kayan su kama jiki. Ki juya rigar ki duba 'yar takardar da ke wuyanta. Galibi za ki ga nailan kamar kashi 80, sauran kashi 20 kuma Lycra, wani zare mai talewa da wani masanin sinadarai, Joseph Shivers, ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1958. Zaren nan yana talewa ya dawo kamar danƙo, amma maƙiyansa uku ne: kulorin, zafi, da maiƙo. A but ɗin motata duk ukun suka haɗu suka yi kwana huɗu suna biki. Kayan da aka yi da foliyesta sun fi jure wa kulorin, shi ya sa yanzu in zan saya wa yara, shi nake nema ko da bai kai ɗayan laushi ba.

Sai kuma warin nan mai hawa kai da muke cewa warin magani. Na daɗe ina ɗauka alamar tsabta ce, har ranar da malamin iyon yara ya ji ina yaba wani wuri da shi. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ruwan da ya fi wari ai shi ya fi datti." Ashe kulorin in ya haɗu da gumi da fitsari ne yake ba da wannan warin, kuma shi ke sa idon yara ya yi ja. Duk uwar da ta taɓa kai ɗan shekara biyar wurin iyo, ya yi awa biyu a ruwa bai ce zai zaga ba, ta san inda abin ya tafi. Ni dai tun daga ranar ban sake yarda wandon iyo ya shiga cikin kayan da yaro zai iya sallah da su ba tare da an wanke shi ba.

Tun kafin a bar wurin

Rabin aikin a can ake yin sa. Kafin yara su faɗa ruwa, ina sa su tsaya ƙarƙashin shawa da kayan a jikinsu su jiƙe sharkaf. Yadin da ya ƙoshi da ruwan famfo ba ya shan na kulorin da yawa. Da sun fito kuma, shawa, a tuɓe kayan, a tara su ƙarƙashin famfo a ɗauraye na ɗan lokaci. Kada a bar yaro ya zauna cin biskit da jiƙaƙƙen wando, kuma ke ma kada ki ɗora abaya a kan jiƙaƙƙiyar riga ki ce sai kin isa gida. Na san abin da ke sa mu yin haka, ɗakin canja kaya na mata ba kasafai yake da sirri ba. Amma zama da jiƙaƙƙen kaya mai kama jiki a cikin zafin nan namu shi ke jawo ƙuraje daidai inda roba ta kama, da ƙaiƙayin da mace ba ta son faɗa wa kowa.

Kada ki murɗe kayan kamar yadda ake murɗe zani. Ki dunƙule su a tafin hannu ki matsa, ruwan ya fita. Leda ba laifi ba ce don kada mota ta jiƙe, amma kada ki ƙulle bakinta, kuma kayan iyo daban, tawul daban. Tun bayan abin da ya faru, jakar ba ta ƙara shiga but ba. A gaban mota take zama, a ƙafar babban, yadda ba zai iya fita ba sai ya ɗauke ta.

A gida

Bokiti ɗaya, ruwan sanyi, minti goma sha biyar, shi ke nan. Ki juya kayan ciki ya koma waje, don a nan ne gumi da man shafawa suke. Ki zuba sabulun ruwa mai sauƙi kamar rabin cokalin shayi. Ni sabulun wankan jarirai nake sawa, in ya ƙare in ɗiga man wanke gashi. Omo yana da ƙarfi, kuma garinsa yana maƙalewa a yadin ya riƙa yi wa yaro ƙaiƙayi. Ki bar su su jiƙa minti goma, ki ɗan mammatsa su a cikin ruwan, ki kula da hammata da tsakanin ƙafa da bakin ƙugu. Babu cuɗa, babu burushi. Ki ɗauraye sau biyu ko uku har kumfa ta ɗauke. Jiƙon kwana, wanda muka saba yi wa fararen kaya, kashe kayan iyo yake yi.

Daga nan ki shimfiɗa busasshen tawul, ki ɗora rigar a kai, ki naɗe su tare kamar tabarma, ki danna da hannu. Za ki yi mamakin ruwan da tawul ɗin zai tsotse. Wannan dabarar ta fi amfani ga masu doguwar riga irin tawa, wadda ake kira burkini, da wata Musulma 'yar asalin Labanan mazauniyar Ostareliya, Aheda Zanetti, ta fara ɗinkawa a 2004. Allah Ya saka mata, don ba don ita ba da yawanmu da a benci za mu ƙare. Sai dai yadinta da yawa, tana ɗaukar ruwa, in kin rataye ta a hanga tana ɗiga nauyin ruwan zai ja kafaɗun su zazzago. A kwance ake shanya ta, ko a ninka ta biyu a kan igiya.

Abin da ba a yi wa kayan iyo: ruwan zafi, Hypo, dutsen guga, da shanya a tsakar rana. Zan ƙara da ɗaya da babu takardar wuyan riga da za ta gaya miki: kabbasa. Wata ƙanwar maigidana da ta zo mana hutu ta ji rigar autata na ɗan warin kulorin, don kirki ta ɗora ta a kan turaren wuta. Rigar ta yi ƙamshi kam, amma zafin garwashi ya sa bakin hannunta ya yamutse, kuma da aka sake jiƙa ta warin ya dawo, yanzu haɗe da sandal. "Anti, wallahi gyara na yi niyya," in ji ta. Na sani. Turare rufe wari yake yi, ba ya cire shi.

In dole sai injin wanki, ki sa kayan a jakar raga ko rigar filo, ruwan sanyi, juyi mafi sauƙi, kuma kada ki haɗa su da tawul ko wandon jins.

Maganar sabulu duk bayan shiga uku ta masu zuwa kullum ce, kamar lokacin dogon hutu da ake yi wa yara darasin mako biyu a jere. A irin wannan lokacin kowane yaro kaya biyu nake tanadar masa, yau wannan gobe wancan, don a watan Agusta ba lallai abin da aka shanya da yamma ya bushe kafin safe ba. Amma ƙidayar tana rushewa in an shafa basilin ko wani mai mai nauyi kafin a sa kayan, ko yaro ya yi ɓarna a ciki, ko wani na da ƙuraje. Ranar sai sabulu.

Inuwa, da ƙudan da ke son inuwa

A nan ne shawarar da ake bayarwa a ƙasashen sanyi take karo da tamu. Kowa zai ce miki ki shanya kayan iyo a inuwa don kada rana ta cinye roba da launi, kuma gaskiya ne. Amma a ƙasashenmu akwai wani ƙuda, likitoci na ce masa ƙudan tumbu, wanda ke neman jiƙaƙƙen kaya a inuwa, musamman mai ɗan warin gumi ko fitsari, ya sa ƙwai a jikin kayan. In an sa kayan, tsutsar ta huda fata ta shige, wurin ya kumbura kamar maruru mai 'yar ƙofa a tsakiya. Ya fi yawa da damina. Maganinsa da iyayenmu suka sani shi ne guga, don zafin dutse yana kashe ƙwan, shi ya sa Inna ba ta yarda a sa wa jariri ko da hula ba a goge ba. To ga kayan da ba a gogewa kuma ba a shanyawa a rana. Yaya ke nan?

Ni a cikin ɗaki nake shanya su. Na ɗaura 'yar igiya a banɗakin yara kusa da taga mai raga, in akwai wuta in kunna fanka. Kada ki shimfiɗa su a kan ciyawa, ko katanga, ko ƙasa a bayan gida. Da hunturu ma cikin ɗakin ya fi, don a waje kafin su bushe ƙura ta mayar da su ruwan ƙasa, kuma iskar lokacin ko a ɗaki awa biyu zuwa uku ta ishe su. Sai sun bushe ƙarau ake ninkewa. In kin taɓa bakin ƙugu kin ji sanyi-sanyi, da saura.

Tawul

Tawul ɗin wanka na gida, wanda mutum ɗaya ke goge tsabtataccen jiki da shi ya baza shi ya bushe, yana iya yin amfani uku kafin a wanke. Na wurin iyo ba haka yake ba, kuma duk wadda ta taɓa zama ta kalli abin da yara ke yi da shi ba ta buƙatar dogon bayani. A shimfiɗa shi a benci a zauna. Ya faɗi a jiƙaƙƙen daɓen da mutum hamsin suka taka. A taka shi a canja wando. A goge tsakanin yatsun ƙafa da shi, sannan a goge fuska, sannan ƙani ya karɓa ya fyace hanci. Daɓen wurin iyo da na ɗakin canja kaya nan ne gidan cin ruwa, makero ma ta tawul yake bi daga kan wannan yaro zuwa wancan. Haka ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya samo sunansa daga ɓarkewar da ya yi a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. In ya shiga gida ta ido ɗaya, tawul da hannu ne ke raba shi ga kowa.

Saboda haka kowane yaro da nasa. Na gaji da rabon faɗan "nawa ne, ba naka ba ne", sai na ɗinka wa kowanne zare mai launi a gefe: ja na babba, kore na mai bi masa, ruwan ɗorawa na auta. Tawul ɗin da wasu wurare ke bayarwa aro ba na karɓa, ba don na zargi kowa ba, sai don ban ga wankinsa ba.

Tawul, saɓanin kayan iyo, yana son duk abin da su ba sa so. Ruwa mai zafi, kamar digiri 60 in injinki na nunawa, shi ke kashe ƙwayoyin makero da cin ruwa. In da hannu ne, ki tafasa ruwa a tukunya ki zuba a baho, ki sirka kaɗan, ki tura tawul ɗin da muciya tsohuwa ki bar shi har ruwan ya huce yadda hannu zai shiga, sannan ki cuɗa. Omo kaɗan ya isa. Yawancin tawul ɗin da ke tsami ba rashin sabulu ne ya sa ba, yawansa ne: bai fita a ɗauraya ba, ya zauna a cikin zaren ya riƙe datti. Ruwan ƙamshin nan da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe don kaya su yi laushi ma na daina sa wa tawul, don wani santsi yake bari a jikin zaren, sai ki ga tawul na tura ruwa a jiki maimakon ya tsane shi. In ya fara bashi, rabin kofi na farin khal (wato binega) a ruwan ɗauraya yana gyara shi. Amma ki ji da kyau: kada khal da Hypo su taɓa haɗuwa a bokiti ɗaya, iskar da suke fitarwa guba ce. Hypo ma sai a farin tawul kawai, shi kaɗai.

A baza shi gaba ɗaya a tsakar rana, ba a ninke ba, a kakkaɓe, in damina ce a bi shi da guga saboda ƙudan nan.

Na san akwai makon da ruwa ke wuya, mai kura ya ƙara kuɗi, ga yara na zuwa iyo kullum. A irin wannan halin nakan bari tawul ya yi zuwa biyu, da sharaɗin bai taɓa ƙasa ba, mai shi kaɗai ya yi amfani da shi, kuma ya bushe ƙarau a rana a tsakani. Dabarar da ta fi wannan ita ce ta Inna. Ta ga ina fama da manyan tawul masu kauri da ba sa bushewa da damina, ta ce, "Ke dai kin cika son wahala. Ina tsofaffin zannuwanki?" Tsohuwar atamfa ta auduga, wadda ta sha wanki ta yi laushi, tana tsane jiki tsaf, ruwa kaɗan take ci a wanki, kuma ko rana ba ta fito sosai ba tana bushewa. Yara mazan sun ƙi, wai abokansu za su yi musu dariya. Ni da auta mun karɓa.

Rafi, dam, da teku

In yara sun je hutu ƙauye sun faɗa rafi, ko an je yawon sallah bakin dam irin su Tiga, kayan na dawowa da laka da ƙarni, sabulu a ranar ba sai an faɗa ba. Na teku, ga masu zuwa Legas, gishiri ne da yashi: a ɗauraye sosai, in ya bushe a kakkaɓe sauran yashin. Amma kada wanki ya ruɗe ki game da tsargiya. Ba a jikin kaya take ba. Ƙwayarta daga wasu ƙananan dodon-koɗi take fitowa ta shiga ruwa, ta huda fatar mai wanka tun yana ciki. Ko da me kika wanke wandon, in bayan wasu makonni yaro ya fara fitsari da jini, asibiti za a je, akwai maganinta.

Sauran tarkacen ba su da wuya. Tabarau na ruwa a ɗauraye a bar shi ya bushe da kansa, kada a goge cikinsa da yatsa ko tawul, don akwai wani shafi da ke hana shi yin hazo. Hular roba a ɗauraye ciki da waje, in ta bushe a ɗan barbaɗa mata hoda don kada ta manne. Silifas a wanke da omo. Jakar kanta a juye ta a zazzage, a bar bakinta a buɗe, sau ɗaya a wata a wanke ta.

Ko da kin bi duk wannan, kayan da ake shiga kulorin da su ba sa dawwama. In kina son sanin ko sun gama, ki ɗaga su saitin haske ki ɗan tale bayan wandon. In kina hango yatsunki ta ciki, ko kika ga wasu ƙananan fararen zare suna leƙowa kamar furfura, ko kika ja ƙugun ya ƙi komawa, to a sauya, don a jiƙe sun fi haka nuna jiki. Tsohuwar rigata ta but ɗin mota na yanka ta zan yi tsumman goge tayil da ita, sai ga shi ko ruwan da ya zube ba ta iya tsanewa. Yanzu da hannunta ɗaya nake ɗaure bakin buhun gawayi.